Awon Haske

Shekara tara ina riƙe wa Tasi'u faifan haske,
kwali ne kawai, muka manne shi da takardar azurfa.
Ranar farko ya ce: Rabilu, ba fuska ake ɗauka ba,
haske ake ɗauka, fuska ta biyo sawu.

Da biki da suna ya fara,
kaset a aljihu, kyamara a kafaɗa,
Gwammaja zuwa Yakasai kan tsohuwar Besfa.
Har yau kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka.
Sai gidan talabijin, wasan daren Laraba,
kafin 'yan fim na titin Gidan Zu
su zo da goro da magiya.

Ina nan ranar da ya shanya mutum talatin
a marinar Ƙofar Mata.
Darakta na huci, mai janareta na lissafin fetur,
shi ko ya tsuguna bakin ramin baba
yana jiran la'asar ta yi sakaliya,
shuɗin ruwan ya ari ja kaɗan a wurin rana.
Daƙiƙa goma sha ɗaya muka samu.
Mai tace hoto ya yanke bakwai.

Baƙar fata, in ji shi, ba a yi mata tsawa da fitila.
Lallaɓa ta ake yi, ta gefe,
kamar mai shafa wa jinjiri man kaɗanya.

Sunansa kan hau a ƙarshen fim da gudu
daidai lokacin da 'yan kallo ke laluben takalma.
A Kantin Kwari an taɓa bangaje shi
garin yin hoto da jarumin da shi ya gyara wa fuska.
Bai tanka ba. Ya taɓo ni:
dubi yadda rana ke ratsa atamfar can.
A gidansa kaf babu hotonsa
sai na katin zaɓe, shi ma ya ce an kashe shi da haske.

Bara yanar ido ta sauka masa a na dama,
wanda ya manna wa kyamara shekara talatin.
Yanzu ni ne a bayan ƙarfen,
har da ɗan jirgi mai shawagi bisa Dala.

Jiya na kai masa aikina a waya.
Ya matso da ita dab da hanci, ya daɗe.
Ƙarfe nawa ka ɗauki wannan?
Na ce sha biyu.
Haba, Rabilu. Rana tsaka
ko mai rake inuwa yake nema.
Koma gobe, ka jira.

Sai ya ce da jikarsa ta ɗaga labule,
ba duka ba, kamar yatsa uku.
Haske ya faɗo kan buta da rabin tabarma.
Ya ɗaga hannu:
yawwa, tsaya haka.