Jirgin da Ke Karkata Hagu

Ni ke tuƙa jirgin asibiti a kogin Jamuna.
Mofiz ne sunana. Ban san allura ba, na san ruwa.
In ambaliya ta janye ta bar laka da ƙarni,
tsibiran yashi kan cika da masu susa,
mu ɗaure jirgi a gindin gora, mu jira su.

Malama Tohura na zaune a bakin ƙofa
da tocila a hannu, ko da rana ta take.
Kafin ta tambayi suna,
"Buɗe yatsu," take cewa.

Jorina ta zo da 'ya'ya huɗu, duk sun karce jiki,
tsakanin yatsu, wuyan hannu, kewayen cibiya.
"Da dare ya fi tsanani?"
"Rabonmu da barci tun girbin shinkafa."
"Ƙazuwa ce. Ba baki aka yi miki ba,
ƙwaro ne da ido ba ya kamawa.
Ki shafe su daga wuya har tafin ƙafa,
kowa a gidan, a dare guda,
har maigidan da zai ce shi lafiyarsa lau.
Tufafi da bargo a ruwan zafi, a baza a rana.
Bayan mako a maimaita.
Ƙaiƙayin baƙo ne mai nauyin gindi,
ko an kashe ƙwaron ba ya saurin tafiya."

Tsoho Habul ya wuni a kududdufi yana ɓare rama.
Tsakanin yatsunsa ya yi fari, ya tsage.
"Baba, ka wanke, ka goge su ɗaya-ɗaya har su bushe."
Ya dubi kogi, ya dubi hadari.
"Bushewa? A ƙasar nan?"
Ta yi dariya, ta ba shi magani da tsumma mai tsabta.

Jariri mai ƙurajen zafi, ta rage masa tufa.
Yarinya mai kirci a lanƙwasar gwiwa,
aka hana ta sabulu mai ƙamshi,
aka ce man kwakwa bayan wanka tun jiki na da lema,
a yanke mata farce ƙasa-ƙasa.

Duk ina ji daga bayan inji,
hannuna ɗaya a ƙarƙashin riga.

Wata uku ke nan da zobe ya fito mini a kwiɓi,
bakinsa ja, tsakiyarsa fes.
Na sayi wani mai a kasuwa, mai kwali ruwan gwal.
Kwana uku ya yi sanyi, na ce na warke.
Sai ya dawo da faɗin faranti,
ya haifi 'ya'ya, suka gangara.
Mai jirgin asibiti da ciwon fata?
Na gwammace a ce na manta hanya.

Ranar Laraba muna komawa, magariba ta kawo jiki,
ta ce, ba tare da ta ɗago daga littafinta ba,
"Mofiz, jirgin nan na karkata hagu
duk sanda ka kai hannu kwiɓi."

Na kashe inji. Na ɗaga riga.
Kunya ta fi ƙaiƙayin zafi.

"Makero ne. Ina man?"
Ta karanta kwalin, ta jefa a kwandon shara.
"Wannan rufe masa baki yake, yana ciyar da shi.
Ga naka, safe da yamma, mako huɗu.
Ko ya ɓace kada ka tsaya.
Tawul ɗinka naka ne kai kaɗai.
Jiƙaƙƙen zane kuma, a cire shi."

Yanzu zane biyu gare ni a jirgi,
ɗaya a ƙugu, ɗaya a igiya yana shan iska.
Yara a gaɓa sun ɗauka tuta ce.
Mako na uku. Zoben ya dushe kamar tsohon tambari.
Yana ɗan motsawa in gumi ya sauka,
sai in damƙe sitiyari da hannu biyu,
in ƙirga gidajen da ruwa ya bari.