Digiri Shida

Injin ƙyanƙyasa na saya a kasuwar Garwa,
na hannu ne, ya sha duniya kafin ya iso gidana a Yelwa,
jaka arba'in, ban da kuɗin mai amalanke.
Na goge gilashinsa da bakin riga,
sai na ga allurar ba ta jin yarenmu.
Mu Salsiyas muka sani, shi rediyo ke faɗa
ranar da yashin Binuwai ke toya tafin ƙafa.
Shi kuwa da Faranhait yake ƙirga.

Hamajoda direba ya leƙo ta katanga:
"Wannan ai bai kai a nemi takarda ba.
Ninka biyu, ɗora talatin, ka gama.
Da shi nake karanta gaban tsohuwar motata
tun daga nan har Ngaundare."

Ƙwai talatin da takwas yake so.
Na ninka, saba'in da shida,
na ɗora talatin, ɗari da shida,
na murɗa, na rufe, na yi bismilla.

Mako uku ina juya ƙwai sittin,
ina kasa kunne kamar mai jiran sallama.
Ko ɗaya bai tanka ba.
Ranar da na fasa guda,
har karen maƙwabta sai da ya canza inuwa.

Lantana, autata, ta dawo daga makaranta,
ta tsuguna gaban injin,
ba alli, ba biro.
Ta ce, "Baba, ninkin naka daidai ne,
sai dai ba ka fitar masa da zakka ba.
Ɗaya cikin goma, kamar ta gero:
bakwai da 'yan kai su fita,
saura sittin da takwas da ɗoriya.
Sannan talatin da biyu ake azawa, ba talatin ba.
Ɗari ke nan, Baba. Ɗari da ƙiris.
In kuma dawowa za ka yi,
sauke talatin da biyun, raba biyu,
ka mayar da zakkar inda ka ɗauko ta."

Digiri shida ne tsakanina da kaji sittin.

Ban riƙe Hamajoda a zuci ba.
Lissafinsa na matafiyi ne,
mai son sanin ko ya ɗauki bargo.
A sanyin digiri goma ma cif yake faɗawa,
hamsin ne ko ta wace hanya ka bi.
Sai zafi ya hau yake fara zamewa,
shi kuma ƙwai bai san "kusan" ba.

Na sake zuba talatin, na bashi.
Yau dare na ashirin,
allura na kan ɗari,
Lantana ta yi barci da littafi a fuska,
ni ina zaune da tocila a cinya.
Can cikin kusurwar hagu
wani abu yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.