Faifan Sule Uku

Sule uku Baba ya biya a Jankara,
ya dawo Agege da faifan ƙarƙashin malafa
don kada matsin moluwe ya fasa masa shi.
Bai iya Turanci ba. Goro ya iya:
wanda ya sha ruwa, wanda ƙwaro ya riga shi,
ɗan Shagamu da wanda ke ƙaryar shi ɗan Gwanja ne.

Allura ta sauka, ƙas-ƙas, kamar suyar gyaɗa.
Ƙaho ya yi kukan jaki.
Sai wani yaro daga ƙetaren teku
ya kama magana da gudu, ya yi tuntuɓe,
ya saki kukan ƙarya,
ganga ta kai masa dundu ɗaya a baya.
Nan Baba ke tuntsurewa. Kullum nan,
har jan ruwan goro ya sauko masa a gemu.

Muka ce, Baba, me yake cewa?
Ya ce, bashi ake bin sa, ba ku ji muryar ba?
Fatai tela na bakin ƙofa ya rantse da almakashi
budurwa ce ta gudu da kekensa.
Madam Ebere ta asibiti, ita da ta yi boko,
ta ce ba maganar gaban yara ba ce,
ta kuma sa aka maimaita sau uku.

Shekaru suka ja. Yaron ya zama babba,
hotonsa a kalandar aski, kwat da gumi,
ido rufe, yana rera abin da ke sa
manyan Ikoyi share hawaye cikin mota.
Baba ya saurara rabin minti a rediyo,
ya ce, kai, sun lalata yaron nan.
Da yana jin yunwa ya fi daɗin hira.

Ni na tafi Yaba, na ci littafi,
na dawo da kunne sabo.
Ran wata Lahadi, ruwa na dukan kwano,
Nefa ta yi mana alfarmar awa guda,
na ɗora faifan, na kasa kunne kamar alƙali.
Ashe ba keke, ba abin kunya.
Takalmi ne.
Ya sa sabo zuwa gidan rawa, ya matse shi,
ba halin cirewa, safarsa duk huji,
yarinya na jira, babban yatsa na neman agaji.
Shi ke nan. Minti biyu da ɗoriya.

Na faɗa wa Baba.
Ya yi shiru, ya ɓare goro,
ya duba fuskarsa, ya duba bayansa,
ya ce, Ladidi, to takalmin,
kin tambaya ko ya gama biya?

Yau garmahon ba allura, Fatai ya koma Ijebu,
inda rumfar take an kafa kantin waya.
Faifan yana wurina, cikin tsumman atamfa.
In na karkata shi gaban taga
ina ganin zobe ɗaya da ya yi fari,
inda ake ta ɗaga allura ana mayarwa,
daidai dundun nan.