Shirwa

A Ladipo aka haife ta,
ƙarƙashin rumfar kwano mai yoyo,
inda baƙin mai ya rina ƙasa
har kaji suka daina tono.

Balaraba ce ta zana ta,
'yar Agege, injiniya, ba ta son dogon zance.
A bayan kalandar bara ta fara,
da fensirin da ta ciro daga kunnena.
Ta ce, "Baba Tanimu, da iska za mu yi kokawa.
Fiffiken jirgi sama yake ɗaga shi,
namu kifa shi za mu yi, ya danne ta ƙasa."
Na ce shekara talatin ina bugun ƙarfe,
ban taɓa jin tsuntsun da ke neman ƙasa da fiffike ba.
Ta yi murmushi, ta miƙo mini awo.

Wata bakwai.
Walda ta ci mini farce biyu.
Kowane noti sai da ya hau sikelin mai tumatir,
don ta ce nauyi bashi ne,
a kwana ake biyansa.
Kujera ɗaya tak.
Muka kwantar da Folarin a siminti,
muka zagaye shi da alli,
muka ɗinka masa motar a jiki
yadda tela ke yanka kaftani.
Ikenna ya ba mu inji bashi,
kullum da safe sai ya leƙo ya gaishe shi.

Tsere shida ne a kakar.

Na farko, can wajen Epe,
kukanta ya tashi balbelu daga bakin ruwa.
Zagaye huɗu, lagireto ya yi amai.
Da hannu muka turo ta,
'yan kallo na yi mana tafin ba'a.

Na biyu, ta tara cikin sha ɗaya.
Muka ci burodi da sadin ba mai kallon wani.

Na uku ba mu isa ba.
Cunkoson Ajah ya riƙe mu tun asuba.
Motar da ke haɗiye kilomita ɗari biyu a awa
ta yini ɗaure a bayan a-kori-kura,
masu tallan ruwan leda na tambayar
ina fasinja zai zauna.

Sai na huɗu, ranar da sama ta yage.
Motocin manyan kamfanoni, masu injin ƙetare,
suka riƙa juyi kamar ƙwarya a kogi.
Shirwa ta kama kwalta kamar kaska.
Ruwa na tashi bayanta fari fat,
ba na ganin komai sai jar fitilarta.
Ta ɗaya.
Ni da furfurata na yi tsalle cikin taɓo.
Balaraba na zaune kan taya tana duban agogo.
"Daƙiƙa biyu muka zubar wajen canjin tayar hagu.
Baba, hannunka ne."
Hannuna ne kuwa.

Na biyar, ta uku.
Muka fara lissafin kofi, muna ɓoye wa juna.

Na ƙarshe, saura zagaye biyu,
fiffiken gaba ya ɓalle ya shige ƙarƙashinta.
Folarin ya fito da ƙafarsa, alhamdu lillahi,
ya cire hular kwano, ya daɗe yana kallon hannunsa.
Na ɗauki guntun na duba bakin karayar.
Na san waldar.
Daren da aka ɗauke wuta na yi ta, ina sauri.
Ba wanda ya tambaya, ni na faɗa.

Yanzu tana ƙarƙashin tamfol,
kyanwa ta haihu a kujerar.
Shekaranjiya Balaraba ta zo da sabuwar kalanda,
ta kifa ta kan benci, ta dubi kunnena.

Da dare, a danfon Idi-Araba,
idan hanya ta buɗe, direba ya taka,
nakan fitar da hannu ta taga,
in karkata tafin kaɗan,
in ji iska na danna shi ƙasa.
Kwandasta na ta faɗa in mayar da hannuna.