Awa Ɗari a Durowa

Babana Bong-cheol shekara talatin da ɗaya ya yi
yana walda a cikin jiragen ruwan Yeongdo,
inda guduma ke faɗa da tsatsa tun asuba.
Ya fito da fansho, da tabon wuta a hannu,
da wani sauro a kunnen hagu da ba ya barci.

Ran Laraba ya hau bas, ya haye gada,
ya dawo daga kasuwar Gukje da ɗan kwali.
Iyafis ne, kowanne kamar ƙwayar wake,
kuɗinsu kuwa ya ci cefanen sati uku.
Ya cusa, ya saurara, ya yamutsa fuska.
"Tsini," ya ce. "Sai ka ce ana yanka kwano da zarto.
Ganga ba ta da ciki.
Mawaƙiyar kuma a kan hancina take tsaye."

Amma Tae-ung mai shago ya riga ya faɗa masa:
sabon abu sai da horo.
Wai akwai 'yar fata a ciki, ba ta kai ɓawon albasa kauri ba,
a sandare take, sai ta yi awa ɗari tana rawa
kafin ta saki jiki.

Ya jona su da tsohuwar waya,
ya kunna musu wani shuuu marar kai marar gindi,
ya naɗe su a safar sanyi, ya tura durowa.
Igiyar caja ta leƙo waje kamar wutsiyar ɓera.
Ya zagaye Lahadi a kalanda da jan biro.
Ba mai buɗewa, in ji shi:
shinkafa ce a wuta, ka ɗaga murfi ka ɓata dahuwa.

Daren nan na dawo daga asibiti ƙafa a kumbure,
wayata a mace, cajata na can aljihun rigar aiki.
Na zare wutsiyar ɓeran. Na ce zuwa safe.
Safiya ta zo da nata.
Sai daren Asabar abin ya faɗo mini, ina goge haƙori.
Na yi sanɗa, na ja durowa:
waya baƙi ƙirin, sanyi ƙalau,
safa shiru, ko motsi.
Awa uku suka samu? Huɗu?
Na mayar, na kunna, na rufe, na kwanta ido biyu.

Lahadi ya yi aski, ya sa riga mai maɓalli,
ya ja kujera bakin taga mai kallon tashar jirage.
Ya warware safa kamar mai karɓar jariri.
Ya cusa. Ya lumshe ido.
Shayinsa ya huce a kan tebur.

"Seon-ok, zo ki ji.
Tsinin ya dakushe. Ganga ta yi tumbi.
Matar nan ta ja da baya taku uku,
har ina jin inda take satar numfashi.
Ji yatsa na goga tsirkiya kafin ya kaɗa!"

Ya miƙo mini na hagu, tunda hagunsa na sauro ne.
Igiyar gajera ce, dole kai ya jingina da kai.
Rabon da in zauna kusa da shi haka
tun ranar da muka dawo daga binne Mama.

Me na ji? Ban sani ba, ban ji na Laraba ba.
Na ji ganga. Na ji ƙamshin sabulun aski.
Gaskiya ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Na dubi kalanda, na dubi jan zagayen nan,
na tuna yadda yake wuce durowa a kan yatsun ƙafa.
Wani dai ya yi awa ɗarin nan,
ko da ba a cikin safa ba.

"Awa ɗari ba wasa ba," ya ce.
Na ce, "Ba wasa ba, Baba."
Litinin na sayi caja ta biyu.