Daren Kujeru

Ni ke riƙe da mabuɗin tsohon ɗakin ajiyar kifi
a kan tudu, a Valparaíso,
inda ƙarni bai gama barin bango ba
duk da fenti uku da yaran suka shafa.

Ranar da aka buɗe shirin, doka ɗaya aka ba ni:
Evaristo, hannunka a aljihu.
Kuɗin nasu ne, wasan nasu ne,
in sun yi tuntuɓe, ƙafarsu ce.
Shekara arba'in ina gyara ɓarnar wasu,
yau an ce in zuba ido.

Millaray suka zaɓa shugaba. Shekararta sha bakwai.
Da asuba tana jera burodi a shagon kawunta,
da yamma ta hauro da littafin lissafi mai tabon mai.
Nahuel mai in'ina ya karɓi fitilu,
Eloísa ta ɗinka teku da tsofaffin labule,
tagwayen gidan Quilodrán suka mai da jarkoki ganguna
har maƙwabta suka kawo ƙara sau biyu.

Suka kasafta kuɗi: ƙwan fitila, igiya, ƙusa,
kuɗin motar mai goge daga wancan tudun.
Na leƙa takardar ta bayan kafaɗarta.
Na sake leƙawa.
Babu kujera ko ɗaya.

Sati biyar maganar na tokare da maƙogwarona.
Matata ta ce mugunta ce.
Na ce doka ce.
Ta juya mini baya, ta ja bargon duka.

Saura kwana biyu, Millaray ta ƙirga tikiti,
ɗari da sha takwas,
ta ɗaga kai ta ga siminti tsirara.
Ta dube ni. "Ka sani?"
"Na sani."
Ta fita. Na ji tana shurin garwar shara,
sau ɗaya, sau biyu, sai shiru.
Da ta dawo idonta ja ne, muryarta ba rawa.
Ta raba yara layi-layi, ƙofa-ƙofa:
duk mai zuwa, ya zo da mazauninsa.

Matakala ɗari da sittin ce zuwa wurinmu.
Ranar Asabar, da rana ta nutse bayan jiragen ruwa,
na tsaya a saman ina kallo.
Ga kujerar kicin a kan wata tsohuwa,
ga kujerar wanzami, mutum biyu na nishi ƙarƙashinta,
ga akwatin lemo, ga bokiti a kife,
ga Doña Clorinda cikin keken guragunta,
'yan dakon tashar ruwa huɗu sun ɗaga ta sama
tana ba su umarni da sandarta.
Karnukan unguwa na biye, ba tikiti.

Wasan kuwa, kada in yi ƙarya:
Nahuel ya makara da jar fitila,
tekun ya yage daga hagu,
ɗaya daga tagwayen ya manta baitinsa
ya ƙirƙiro wani nan take, wanda ya fi na asali.
Amma da aka zo wurin jirgin da bai dawo ba,
ɗakin ya yi tsit,
har na ji ƙarar kujerar wanzami
tana juyawa a hankali.

Aka watse. Kujeru suka gangara gidajensu.
Millaray na shara, ba ta kalle ni ba.
Ta ce, "Har yanzu ina fushi."
Na ce, "Da gaskiyarki."
Ta jingine tsintsiya.
"Litinin ƙarfe huɗu za mu fara na gaba,
kai kuma ba ka isowa sai biyar."
Ta miƙo tafin hannu.

Sai a lokacin na zaro hannuna daga aljihu.
Mabuɗin ya yi ɗumi.