Famfon Garin Malam

A Garin Malam ba a barci duka,
kunne ɗaya ake bari a bakin famfo.
Kwana takwas iska yake hurawa,
ran na tara, wajen ƙarfe uku na dare,
ya yi tari, ya yi kaki, ya sako ruwa.
Sai ƙafafu, sai bokiti, jarka na karo da jarka,
mata na yi wa juna barka
kamar wata ta sauka lafiya.
Ba mai tuna kwana takwas ɗin.

A bakin famfon nan na gane ka, Mutari.

Lahadi na gaishe ka, ka dubi bango.
Litinin ka ture kwano da bayan hannu.
Talata ka ce muryata ƙofar langa-langa ce,
a gaban ƙanenka ka faɗa,
ya sunkuya yana wasa da makullin babur.
Na zauna lissafi kamar mai awo a Kasuwar Dole:
gishiri ne ya zarce?
Dariyar da na yi da mai gawayi?
Na auna, na zube, na sake aunawa,
tiya ta ƙi cika.

Sai daren Alhamis, ba dalili, ba sallama,
ga kilishi a takarda,
ga takalmin jar fata daidai ƙafata.
Ka kira ni da sunan nan da mu biyu muka sani,
ka ce, "Wa ya taɓa min ke?"
Wallahi saura kaɗan in waiwaya
in nemo maka shi.

Na sha. Na cika randa, na cika tulu,
har murfin tukunya na tara.
Da safe na kira yayata Barira a Mirriya,
na ce ta manta zancen shekaranjiya,
zafin gari ne, mutumin ya sauya.
Ta yi shiru. Kuɗin wayata na ƙonewa, tana shiru.
Can ta ce, "Na nawa ke nan, Tsahara?"

Da rijiya ce ta ƙafe,
da an rufe bakinta da ƙaya an haƙa wata.
Da kullum zagi ne, da tuni na ƙulle kayana.
Da kullum daɗi ne, da na san barci.
Amma kai ka iya awo:
ɗigo ɗaya,
daidai sa'ar da maƙogwaro zai yanke ƙauna.

Na yi ladabi, ka ɗaure fuska.
Na yi tsiwa, ka zo da turare.
Wata rana ladabin ya ci, na ce na gano makama,
na maimaita shi washegari, ko kallo.
Haka muke murɗa kan famfo, hagu, dama,
wata har lallashinsa take,
alhali mai buɗewa yana can nesa
yana shan shayinsa.

Yanzu ina ajiye gawayi bayan randa.
Ranar fari in ja layi, ranar ruwa in yi zobe.
Jiya na ƙirga da fitilar waya:
layi arba'in da uku,
zobe biyar.
Biyar ɗin nan nake ba mutane labari.
Biyar ɗin nan nake ba kaina.

Ban ce na warke ba.
Ɗazu babur ya tsaya a ƙofar gida,
zuciyata ta yi tsalle ta ɗauki bokiti
tun kafin ta san ruwa ne ko iska.
Na ce mata, zauna.
Ba ta zauna ba, ta dai tsaya.

A bakin zanena akwai kuɗin motar Mirriya,
ƙulli uku na yi musu.
Duwatsun Birni sun shekara dubu ba su motsa ba,
ni ba dutse ba ce.

Ga shi can famfo ya fara tari.
Ina kwance. Ina jinsa.